Harsunan Umarni da Allon Bayanai: Yadda Alƙaluma Ke Zama Shawara a Aikin Gwamnati

Jawabin da wani tsohon ɗalibin wannan makaranta, ma'aikaci a sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai.



Mai girma shugaban wannan taro, uban ƙungiya, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da 'yan majalisarsa, shugaban makaranta da mataimakansa, malamanmu na da da na yanzu, yayyena da suka riga ni fita daga wannan makaranta, abokan karatuna, da kuma ƙannena ɗalibai da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Lokacin da takardar sakataren ƙungiya ta iske ni a ofis, tana cewa ni ne zan gabatar da jawabi a bana, sai da na sake duba sunan da ke bayan ambulan, don na zaci kuskure aka yi. Wannan ɗakin taro da nake tsaye a cikinsa, ni da abokaina muka sha share shi muna 'yan aji ɗaya, kuma malamin da ya koya mana lissafi, wanda ga shi nan zaune a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ne shaida cewa ban taɓa zuwa na ɗaya a darasinsa ba. To amma ga shi yau da lissafin nake cin abinci. Saboda haka duk abin da kuka ji na faɗa daidai, ladan na malamanmu ne, kuskuren kuwa nawa ne.

An nemi in yi magana a kan aikin da nake yi, wato amfani da harsunan rubuta wa kwamfuta umarni wajen sarrafa alƙaluma a cikin abin da muke kira allon bayanai. Na san wasu za su ce wannan zancen 'yan kwamfuta ne, ina ruwan tsohon ɗalibi da shi. Dalilin da ya sa ya shafe mu shi ne, a yau shawarar inda za a kai malamai, da kujeru, da magani, da takin zamani, sau da yawa daga abin da wannan allo ya nuna ake yanke ta. In allon ya faɗi gaskiya, hakki ya isa ga mai shi. In ya yi ƙarya, wani ƙauye ya kwana babu, alhali a takarda an ce an ba shi.

Mene Ne Allon Bayanai?

Duk wanda ya taɓa zama gaban mota ya san allon nan da ke gaban direba, mai nuna gudu, da yawan mai, da zafin inji. Direba ba ya tsayawa ya buɗe tanki kafin ya san mai ya kusa ƙarewa, allura ce ke gaya masa. To haka allon bayanai yake ga shugaban ma'aikata ko na kamfani. Shafi ne guda a fuskar kwamfuta, wanda ke tattaro dubban alƙaluma ya mayar da su zane da taswira, yadda mai gida zai duba cikin minti biyu ya san inda aka kwana.

Tunanin ba sabo ba ne. A shekarar 1854, da cutar kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da aka yi rashi yana ƙirgawa, ya ga sun taru ne kewaye da famfon ruwa guda da ke titin Broad. Ya kai maganar gaban hukumar unguwa, aka cire hannun famfon, daga baya kuma ya buga taswirar da ta sa kowa ya ga abin da ido. A 1958 kuma wani ma'aikacin kamfanin IBM, Hans Peter Luhn, ya rubuta maƙala a kan tsarin da zai riƙa kai wa masu yanke shawara bayanan da suke bukata. Abin da zamani ya ƙara shi ne sauri. An kafa kamfanin Tableau a 2003, kamfanin Microsoft kuma ya fito da Power BI ga jama'a a 2015, waɗannan biyu suna cikin manhajojin da aka fi yin allon bayanai da su. Da yawanmu mun ga irin wannan allo a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta buɗe wani a watan Janairu yana nuna yawan waɗanda suka kamu a kowace ƙasa, har zuwa Maris na 2023 da suka daina. A nan gida ma, alƙaluman asibitocinmu ana tattara su ne a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita.

Harsunan Umarni

Hanya biyu ce ake sa kwamfuta aiki. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, ka danna nan, ka kwafa can, ka goge wancan. Ta biyu ita ce ka rubuta mata umarni layi bayan layi, ta karanta ta aikata. Rubutun nan yana nan ajiye, gobe in sababbin alƙaluma sun zo, sai ka ce ta maimaita, ba tare da ta manta mataki ko ɗaya ba. Mu ma'aikatan gwamnati mun san darajar wannan, domin tun ranar da aka ɗauke mu aiki aka koya mana cewa abin da ba a rubuta a fayil ba, kamar bai faru ba ne.

Harsuna biyu ne suka fi suna a wannan fage. Na farko Python, wanda wani mutumin ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Na biyu R, wanda malamai biyu na Jami'ar Auckland, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara a farkon shekarun 1990, cikakken bugunsa na farko kuma ya fito a 2000. Masana ƙididdiga ne suka gina R domin aikinsu, shi ya sa ya fi ƙarfi a nan. Python kuwa harshe ne na kowane irin aiki, sai da Wes McKinney ya fara gina masa ƙunshin kayan aiki mai suna pandas a 2008 sannan sarrafa jadawali da shi ya yi sauƙi. Akwai na uku da ya girme su, wato SQL, wanda aka ƙirƙira a kamfanin IBM cikin shekarun 1970, da shi ake tambayar rumbun ajiyar bayanai. Python da R duka kyauta ne, ba a sayar da su.

Da farko allon bayanai da harsunan umarni kowa hanyarsa daban. Daga baya masu manhajojin suka ga akwai aikin da danne-danne ba zai iya ba, sai suka buɗe ƙofa. Tableau ya karɓi R a 2013, ya karɓi Python a 2016 ta hanyar wani abu da suka kira TabPy. Power BI ya fara da R, ya ƙara Python a watan Agusta na 2018. Har Excel da muka saba da shi, a 2023 Microsoft suka fara gwajin sa Python a cikinsa. Wuri uku ne harshen umarni ke shiga aikin allo: wajen tsabtace alƙaluma kafin su hau, wajen lissafi mai zurfi kamar hasashen abin da zai faru baɗi, da kuma wajen yin zanen da manhajar ba ta zo da shi ba.

Abin da Ya Same Ni

Ranka ya daɗe shugaban taro, a ba ni izini in tona asirin kaina, don ƙannena su amfana.

Shekaru kaɗan bayan na kama aiki, aka ba ni alƙaluman ƙidayar makarantu in shirya allon da za a duba wajen rabon kujeru. Na yi mako uku ina kwafa daga wannan jadawali zuwa wancan. Allon ya fito gwanin sha'awa, ga launin kore, ga ja, ga taswira. Ranar taro na sa babbar riga, na tsaya gaban babban sakatare ina bayani, har na nuna wata makarantar firamare da ta fi kowace cunkoso, na ce ita ya kamata a fara kai wa kujeru.

Sai wani dattijon darakta, wanda ya yi shekaru yana hedimasta kafin ya dawo hedikwata, ya cire tabarau ya ce, “Yaro, makarantar nan na san ta. Aji shida gare ta. Ina za ta zuba yara dubu huɗu?” Ɗakin ya yi tsit. Da aka ɗauko takardar asali, sai ga shi ɗari huɗu ne, wajen shigarwa aka ƙara sifiri ɗaya. Da na koma na bincika sosai, sai na iske abin ya fi haka. Unguwa ɗaya mai suna Tudun Wada an rubuta ta iri huɗu: wani ya rubuta Tudun Wada, wani T/Wada, wani Tudunwada a haɗe, wani kuma da ƙaramin baƙi. Kwamfuta ba ta san wuri ɗaya ba ne, sai ta raba ta gida huɗu. Akwai kuma makarantar da aka ƙirga sau biyu. Ba don dattijon nan ba, da mota ta sauke kujeru inda ba a bukatarsu, yaran wani ƙauye kuwa su ci gaba da zama a ƙasa, kuma da sa hannuna a takardar.

Bari in nuna muku yadda sifiri ɗaya ke ɓarna. A ce makarantu biyar ne, masu ɗalibai 300, 320, 350, 380 da 400. Jimla 1,750 ke nan, matsakaici 350. In aka rubuta 4,000 a maimakon 400, jimla ta koma 5,350, matsakaici ya tashi 1,070, wato ya ninka fiye da sau uku. Amma in ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, 350 ne kafin kuskuren, 350 ne bayansa. Shi ya sa mai aikin ƙididdiga ke duba duka biyun, in ya ga sun yi nisa da juna ya san akwai magana. Wannan darasin aji uku ne na sakandare, a nan aka koya mana, ni ne ban riƙe ba.

Bayan wannan kunya na zauna na koyi Python da daddare. Umarnin farko da na rubuta bai kai shafi biyu ba, abu huɗu kawai yake yi. Yana daidaita rubutun sunayen wurare bisa jeri guda da muka amince da shi. Yana bin lambar da aka ba kowace makaranta, ba sunanta ba, don gano wadda aka maimaita. Yana raba yawan ɗalibai da yawan azuzuwa, in abin da ya fito ya wuce hankali ya ware makarantar gefe. Sannan yana gwada alƙaluman bana da na bara, duk inda aka ga tashi ko faɗuwa mai yawa ya sa alama. Ku lura, umarnin ba ya gyara komai da kansa. Jerin sunaye yake fitarwa, mu kuma mu buga wa jami'an ƙaramar hukuma waya, ko mu aika a je a gani da ido, tunda gani ya kori ji. Aikin da ya ci mini mako uku, yanzu kafin a kira azahar an gama, sauran lokacin kuwa a wajen bincika wuraren da aka sa wa alama yake tafiya.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙasashe masu tasowa ce. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga ƙidayar da ake sanarwa ba. Dalili shi ne ana zuba sakamakon gwaji a tsohon samfurin fayil ɗin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, duk abin da ya haura sai ya zube ba tare da kowa ya lura ba. Abin da ya biyo baya shi ne jinkirin neman dubban mutanen da suka yi hulɗa da masu cutar. Umarni mai layi biyu, wanda zai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, da ya isa ya tona matsalar tun ranar farko.

Haka kuma a 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga binciken da ke nuna cewa bunƙasar arzikin ƙasa na raguwa ƙwarai in bashinta ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon na Jami'ar Massachusetts, ya karɓi jadawalinsu ya duba, ya iske an tsallake ƙasashe biyar wajen fitar da matsakaici. Masanan sun amsa wannan kuskure, ko da yake sun yi jayayya a kan sauran sukar da aka yi musu. Abin lura a nan shi ne, ɗalibi ne ya gano, kuma ya gano ne saboda an ba shi aikin ya bi sawunsa. Babbar fa'idar rubutaccen umarni ke nan: wani na iya karantawa ya ce maka ga inda ka kauce.

Iyakoki da Hattara

Kada in yi ta yabo kamar dillali. Sa Python ko R a cikin allon bayanai yana da iyaka. A Power BI, zanen da aka yi da su ba ya karɓar fiye da layi 150,000, in kuma lissafin ya wuce minti biyar sai a katse shi. Zanen hoto ne kawai yake fitowa, ba a iya danna cikinsa kamar sauran zane-zanen manhajar. In kuwa wajen tsabtace alƙaluma ka sa umarnin, kana son allon da ke intanet ya riƙa sabunta kansa, to sai an bar wata kwamfuta a kunne tana haɗe da intanet a lokacin sabuntawar. Kowa a nan ya san halin wutar lantarkinmu. Saboda haka shawarata ga mai irin aikina ita ce ya yi aiki mai nauyi a waje, ya zuba sakamakon a rumbun ajiya, allon kuma ya ɗebo daga can.

Na biyu, aikin gwamnati ba gadon gidan kowa ba ne, yau kana nan gobe an yi maka canjin wurin aiki. Umarnin da mutum ɗaya kaɗai ya gane, ranar da ya tafi ya zama kufai. A rubuta bayani a gefen kowane mataki, a ajiye shi inda ofis zai same shi, kuma a tabbata aƙalla mutum biyu sun iya sarrafa shi.

Na uku, sirrin jama'a amana ne. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya. Sunayen marasa lafiya, da lambobin waya, da albashin ma'aikata, ba abin da za a ɗora a allon da kowa ke gani ba ne. Ya kamata kuma a sani cewa Python ɗin da ke cikin Excel a kwamfutocin Microsoft yake aiki ta intanet, wato alƙaluman sun bar ofis ke nan. Haka manhajojin nan masu amsa tambaya irin su ChatGPT, wanda ya fito a Nuwamba 2022, suna iya rubuta maka umarni cikin ƙiftawar ido, amma wanda bai iya karanta abin da aka rubuta masa ba, ba zai san ranar da aka ba shi kuskure ba. Kuma kada a kuskura a zuba musu bayanan ofis.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Wata rana za a kira ka a ce, ja ɗin nan ya yi yawa, baƙi za su zo, a ɗan gyara. Canza ja ya koma kore bai fi gyara lamba ɗaya a cikin umarni ba, kuma mai yiwuwa babu wanda zai gane. Amma jan nan yara ne da ba su da malami, ko mata ne da suka je asibiti ba su sami magani ba. A nan tarbiyyar da muka samu a gida da makaranta za ta yi aiki, domin babu manhajar da ke koyar da ita.

Kira ga Ƙannena da Ƙungiyarmu

Ƙannena ɗalibai, ku riƙe lissafi da Turanci da hannu biyu, su ne tushe. Bayan haka ku bi abin daki-daki: ku fara da Excel har ku ƙware, ku koma SQL, sannan ku zaɓi Python ko R, guda ɗaya, kada ku haɗa gudu da susar ɗuwawu. Alƙaluman gwaji suna nan kyauta a shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na Bankin Duniya. Manhajar Power BI ta kan kwamfuta ita ma kyauta ake sauke ta, ga mai Windows. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kowace da makarantu da asibitoci da kasuwanni da ke tara takardu kullum, masu iya mayar da takardun nan shawara kuwa ba su wadata ba.

Ga ƙungiyarmu kuma ina da roƙo biyu. Na ɗaya, cikin ayyukan da za a tsara na baɗi a sa gyaran ɗakin kwamfuta da samar masa wuta mai amfani da hasken rana. Na biyu, in shugaban makaranta ya amince, a ba mu sakamakon jarrabawar fita na shekaru goma da suka wuce, a cire sunayen ɗalibai, mu zauna da 'yan aji biyar da shida mu gina allon bayanai na wannan makaranta, don mu ga darasin da ake faɗuwa da shekarar da abin ya fara, ƙungiya ta san inda za ta sa kuɗinta. Ni na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata in koyar, ba tare da an biya ni ko kuɗin mota ba, kuma ina roƙon abokan karatuna da ke wannan fanni su zo mu haɗu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sakatare ya rubuta, in na saɓa a tuhume ni a taron baɗi.

Daga ƙarshe ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan dama, da malamanmu da suka yi haƙuri da mu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ba ƙannenmu sa'ar jarrabawa, ya mai da kowa gidansa lafiya.